Eriyar Mai Famfo

A duk layin, Gwaggo ake ce mata. 'Ya'yan ƙanenta ne suka fara, yaran maƙwabta suka ɗauka, daga baya har matan da ke kawo mata ɗinki suka bi, waɗansunsu ma sun girme ta. Shagonta shi ne ɗakin gaba na gidan, wanda aka fasa wa ƙofa ta bakin titi. Keken ɗinki biyu ne a ciki, na ƙafa da na lantarki, sai teburin yanka da wani dogon madubi mai tsaga a kusurwa. Mijinta kuwa Mai Famfo ake kiransa, domin ya ƙare ƙarfinsa ne a gidan injinan tura ruwa da ke bayan gari, shi kaɗai da injuna, har ya yi ritaya. Aikin ya dace da shi. Mutum ne mai i'ina tun yana yaro, irin wadda kan riƙe kalma a baki har jijiyar wuya ta tashi, inji kuwa ba ya tambayar mutum komai.

Tun da ya bar aiki sai gidan ya yi masa yawa. Yara sun girma, kowa ya kama gabansa. Ya gyara famfon banɗaki, ya gyara ƙyauren kicin, ya sake wa tankin ruwa murfi, da abin gyara ya ƙare sai ya koma kwance abin da bai lalace ba. Gwaggo tana daga shago tana jin motsinsa a tsakar gida, tana tausaya masa.

Ana haka Auta ya zo. Shi ne ƙanenta, direban babbar mota, mutumin da kan shigo gida da surutu tun daga bakin ƙofa. Ya dire wani kwali a gaban mijin yayarsa, ya ce a kasuwar tsofaffin kaya ya tsince shi, kuma da ganinsa ya tuna da sarkin surutu na gidan nan. Rediyon oba-oba ne, ɗan baƙin akwatin ƙarfe da fenti ya goge a gefensa, da makirfo mai maɓalli da murɗaɗɗiyar waya. A ƙasan kwalin akwai wata ƙaramar mita mai allura. Mai Famfo ya juya rediyon ya sake juyawa, ya goge ƙurar da gefen rigarsa, ya yi murmushi. Gwaggo ta harari ƙanenta, shi kuwa ya ce a ba shi abinci.

Ta ɗauka kwana biyu abin zai yi a ajiye shi a kan kabad. Sai ga Malam, kamar yadda take kiransa, ya bincika ya gano ba a magana a irin wannan rediyo sai da lasisi. Ya samo abin karantawa, ya zauna a kai kamar ɗan makaranta, ya je ya rubuta jarrabawa ya ci, tunda ta rubutu ce. Aka ba shi lambar kira, waɗansu haruffa da lamba a tsakiya. Saura eriya. Ya leƙa kanti ya ji tsadarta, ya dawo ya ce zai haɗa tasa.

Ya fito da tsohon tebur tsakar gida. Ya zaro ragowar wayar lantarki mai kauri da ta rage tun ginin shago, ya fere robar har jan ƙarfen ya fito yana ƙyalli. Sanda ɗaya za ta tsaya tsaye, tsawonta kamar kamu guda, huɗu kuma su karkata ƙasa kewaye da ita. Tef ɗin awon Gwaggo ya fara ɓacewa daga wuyanta, sai ta fito ta tarar da shi a kan teburin. Ta ce tef ta yafe, amma duk ranar da ta ga almakashinta kusa da waya to za a ji kansu. Ya ɗaga filaya ya nuna mata, alamar yana da tasa. Yini guda gidan yana ƙaurin narkakkiyar dalma. Da ya gama ya ɗaura abin a kan dogon bututun roba, irin na ruwa, wanda ya fi kowa sanin kansa. Gwaggo ta tsaya ta ƙare wa eriyar kallo, ta ce wannan ai ƙashin laima ne da iska ta cinye yadin.

Ita ta riƙe masa tsani. Ya hau a hankali, ya ɗaure bututun a jikin ƙarfen da ke ɗauke da tankin ruwa, ya saki baƙar waya mai kauri ta bi bango ta wuce ta gefen shago ta shiga tagar falo. Tana ƙasa tana kallon dugadugansa, tana tuna masa shekarunsa.

Da yamma ya kunna. Da farko shuu kawai ake ji, kamar an bar famfo a buɗe. Ya murɗa, ya murɗa, sai ga muryar mutum rangaɗau a cikin falonsu. Wani dattijo ne, wanda ba ya fara magana sai ya yi gyaran murya har sau biyu. Ashe akwai masu irin wannan rediyo a garin da ƙauyukan kewaye, kullum kafin faɗuwar rana sukan haɗu a zango ɗaya su yi hira bi da bi. Dattijon shi ke raba magana. Kowa ya faɗi lambarsa, ya yi bayaninsa, ya ce oba, na gaba ya karɓa. Hirar ba ta wuce ta ruwan sama da ciwon gwiwa da batir da eriya. Gwaggo tana ji ta ƙofar shago, kafin mako ya zagayo ta raɗa wa dattijon Mai Tari. Akwai wani kuma mai siririyar murya da kullum ake jin cara a bayansa, shi ta ce masa Mai Zakara.

Ji dai ana ji, turawa ce ta ƙi. Malam ya saka mitar tsakanin rediyo da wayar eriya, ya nuna mata yadda take aiki, rabi da baki rabi da hannu. In ya danna maɓalli allura ta kwanta, eriya ta karɓi abin da aka tura mata. In ta miƙe, to ƙarfin dawowa yake yi cikin rediyon, yana ma iya ƙona shi. Ya koma inda babu kowa a zango, ya danna. Allura ta yi tsalle ta bugi ƙarshen gilashi. Ya saki da sauri.

Washegari ya sauko da eriyar. Ya bi kowane liƙi da yatsa, ya ja, ya girgiza, duk lafiya. Ya kwance mahaɗin da waya ke shiga, ya duba da tabarau, ya duba babu tabarau, bai ga komai ba. Gwaggo ta fito shan ruwa, ta sunkuya a kan teburin. Idon da ya saba zura zare a allura ne, nan da nan ta hango wani siririn gashin waya da ya tsere daga saƙar ƙarfen da ke ƙarƙashin robar ya kwanta a kan ƙarfen tsakiya. Ta tambaye shi ko haka ya kamata ya zauna. Ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya miƙa hannu ya zare fil daga gefen ɗankwalinta, ya ɗage gashin, ya datse shi.

Allura ta sauko, amma ba ta kwanta ba. Ya yi tunani ya ce tankin ne, ƙarfe ya yi kusa da eriyar. Aka sake hawa, aka mayar da bututun can ƙarshen katanga, ya ƙara masa tsawo har ya zarce kwanon rufi. Allura ta ƙara saukowa kaɗan. Sai ya koma kan tsawon sandar tsakiya: ya sauko da ita, ya datse ɗan mitsitsi, ya mayar, ya shiga falo ya danna, ya dubi allura, ya sake fitowa. Haka ya yi ta yi, allura tana sauka, har zumuɗi ya kwashe shi ya datse da yawa, ta juya ta koma sama. Ya tsaya da guntun wayar a tafin hannu kamar zai mayar da shi. Gwaggo ta ce ai su masu ɗinki shi ya sa suke barin ninki a ciki, wanda ya yanke tsaf ba shi da wurin komawa. Ya yi dariya har da tari. Sabuwar sandar da ya yi, ya bar ta da tsawo ya lanƙwasa kanta, in yana son ragewa sai ya ƙara lanƙwasawa.

Sai kuma wata ƙara ta ɓullo, zirrr, ta rufe muryoyin, ta ɗauke, ta dawo. Wata rana babu ita sam, wata rana ba a jin komai sai ita. Ya zargi firij ya kashe, ya zargi fitilar ƙofar gida ya cire ƙwan, ya zargi mai walda na bayan layi har ya je ya tsaya a ƙofar shagonsa ya tarar a rufe. Wata yamma Gwaggo tana sauri ta gama wata riga, ta ji ya leƙo ya tsaya a kanta. Ya yi mata alama ta taka. Ta taka keken lantarki, daga falo aka ji zirrr. Ta ɗaga ƙafa, shiru. Ta sake takawa da gangan, gajere-gajere kamar kiɗa, rediyo yana amsawa. Suka dubi juna suka fashe da dariya. Ya cire wayar daga bangon shago ya bi da ita ta ɗaya gefen, ƙarar ta ragu amma ba ta tafi ba. Ita ce ta ce ba komai, in lokacin hirar ya yi za ta riƙa komawa keken ƙafa, dama likita ya ce ta riƙa motsa gwiwa.

Ranar da allura ta kwanta, ya kira ta ta gani. Ya danna, allurar ta ɗan motsa kawai kamar mai juyi cikin barci. Ta yi masa barka, ta dafa shayi, ta ja kujera ta zauna jiran yamma don ta ji mijinta a rediyo. Hira ta fara, ya riƙe makirfo a cinya, hira ta ƙare, ya ajiye. Ya ce bututun ya ɗan karkata, gobe zai daidaita shi.

Gobe ya daidaita shi. Jibi ya ce ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo. Bayan nan ya ce liƙin bai yi masa kyau ba, ya narke shi ya sake. Kullum da safe tsani, kullum da rana gwaji, allura tana kwance abinta, kullum da yamma makirfo a cinya. Wani lokaci in an ɗan yi shiru tsakanin masu hira, takan ga babban yatsansa ya danna maɓallin, leɓɓansa sun haɗu sun matse, sai ya saki.

Wata yamma Mai Tari ya yi gyaran muryarsa ya ce, kafin a ci gaba, yana da saƙo. "Akwai wani bawan Allah da ke danna mana maɓalli kwanan nan ba ya magana. Ko wane ne, muna samunsa da ƙarfi ƙwarai, har numfashinsa muna ji. In eriya yake gwadawa, to ta yi. Ƙofa a buɗe take. Oba."

Gwaggo ta tsayar da keke. Daga inda take tana hango ƙeyar mijinta. Bai motsa ba. Can ya miƙa hannu ya kashe rediyon, ya fita tsakar gida ya tsaya yana kallon sama. Ta koma kan ɗinkinta, ta ga ta karkace layi, ta ɗauki reza ta fara farkewa. A ranta ta riga ta san eriyar ba ta da sauran laifi.

Auta ya dawo daga tafiya ƙarshen mako, ya iso daidai lokacin hira. Ya ji muryoyi, ya tambaya ko an fara jin angon rediyo, kafin a ba shi amsa ya sure makirfo zai yi sallama. Malam ya kama wuyan hannunsa. Bai taɓa yi masa haka ba. Ya daɗe yana kokawa da kalmar kafin ta fito, ya ce Auta ba shi da lasisi. Auta ya saki yana dariyar yaƙe, ya ce to shi kenan, eriya ta gyaru, saura mai eriya, in ana so shi zai iya faɗin lambar a madadinsa. Gwaggo ta ce ya taso ya taya ta ɗaga bandir ɗin yadi a shago.

Suna shiga ta tura ƙofa ta wanke shi tas, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce ba kowane wuri ake wasa ba, mutum ya bari wani ya faɗi abin da ke bakinsa. Auta ya saurara, ya sosa kai, ya ba da haƙuri. Har ya kai ƙofa sai ya juyo.

"Amma Yaya, ke fa kin fi ni. Tun ina ƙarami nake gani, kafin ya kai rabin kalma kin ƙarasa masa kin ba da amsa. Ni ban taɓa jin ƙarshen maganarsa a gidan nan ba."

Ta ce ya ɓace mata da gani. Ya tafi, maganar ta zauna. Ita a wurinta taimako ne. Tun suna sabon aure, in ta ga wuyansa ya ɗaure a gaban mutane, takan miƙa masa kalmar don ta rage masa wahala, shi kuma ya gyaɗa kai. A asibiti ita ke bayani, in baƙi sun zo ita ke amsa gaisuwa, in yara sun kira waya ita ke cewa babanku yana gaishe ku. Bai taɓa nuna ya damu ba. Ta yini tana taka keke tana juya abin, wani lokaci ta ji haushin Auta, wani lokaci ta rasa haushin wa take ji.

Washegari suna karyawa ya ɗago kai ya fara magana, ta sarƙe. Idonsa yana wajen kofin shayi, kalmar sukari ta riga ta zo kan harshenta. Ta haɗiye ta. Ta ci gaba da kallon burodin da ke hannunta, ta jira. Jiran ya yi mata tsawo fiye da yadda ta zata. Da maganar ta fito, ba ta sukari ba ce.

Ya ce harafin farko ne. Lambar da aka ba shi da harafin ba take farawa, shi kuwa duk duniya babu abin da ke riƙe shi kamar ba, kuma ba a magana sai an fara faɗin lamba. Ya ce in ya danna ya maƙale, mutanen nan za su zauna suna jin shuu, su ɗauka rediyon wani ya lalace, ya tare musu hanya. A gaban mutum ko ba komai ana ganin fuskarsa, an san ƙoƙari yake yi. A can kuwa babu fuska. Bayanin ya ɗauki lokaci har shayin ya huce, ba ta sa masa baki ko sau ɗaya ba.

"To su jira mana, Malam," ta ce. "Zaune suke. Mutanen da kan yi rabin yamma a kan ciwon gwiwa, ina suke sauri?"

Ranar bai ɗauko tsani ba. Da rana ta jiyo shi a falo, rediyo a kashe, yana maimaita lambar shi kaɗai. Wani lokaci ta fito sumul, wani lokaci ta tsaya a harafin farko. Ta rufe ƙofar shago a hankali don kada ya san tana ji.

Kafin yamma hadari ya haɗu, aka yi ruwa mai ƙarfi da iska, ya zare wayar daga rediyo saboda tsawa. Kwana biyu ana yi ana ɗaukewa. Da gari ya washe ya mayar da waya ya danna, allura ta miƙe kusan rabi, muryoyin ma sun yi nisa kamar daga cikin rijiya. Gwaggo ta saci kallon fuskarsa, tana tsammanin za ta ga sauƙi, tunda ga dalili na gaske ya samu. Ɓacin rai ta gani. Ya buga tafin hannu a cinya, ya fita neman tsani tun ƙasa ba ta bushe ba.

Ruwa ne ya shiga. Ya bi ta bakin mahaɗin ya gangara cikin wayar. Da ya fere robar sai ga saƙar ciki ta jiƙe ta fara dusashewa. Ya yi ta yankewa har ya kai inda take a bushe tana ƙyalli, ya sake liƙi, ya duba gashin waya da kansa sannan ya miƙo mata ta duba. Ya yanko tsohon tiyub ɗin keke siriri-siriri ya naɗe mahaɗin tam, kamar yadda yake naɗe bututu mai yoyo, ya bi da baƙin salatif. A bakin taga ya lanƙwasa wayar ƙasa kafin ta shiga, don ruwa ya ɗiga a waje. Wannan karon bai yi ta jan aiki ba, kafin azahar bututu ya koma katanga, allura ta kwanta.

Da yamma ya yi wanka ya sa riga mai guga, kamar mai zuwa wani wuri. Gwaggo ba ta ja kujera ba. Ta tsaya a ƙofar da ke tsakanin shago da falo da wata riga a hannu, ta jera filfil a leɓenta kamar yadda takan yi in tana kama kalmasa. Da fil a baki ba a magana.

Hira ta zagaya. Mai Zakara ya ba da labarin yadda ruwa ya tafi da gadar gonarsa. Da aka zo ƙarshe Mai Tari ya tambaya, kamar kullum, ko akwai wanda bai samu shiga ba. Malam ya ɗaga makirfo ya danna.

Harafin ya riƙe shi. Leɓɓansa suka haɗu, wuyansa ya ɗaure, idonsa ya rufe. Gwaggo ta san lambar kamar sunanta, tana jin ta tana yawo a bayan haƙoranta. Ta ƙura wa madubin shago ido. Ba, ba, ba, ya yi, ya tsaya, ya ja numfashi, yatsansa bai bar maɓallin ba. Sai harafin ya ɓalle, sauran suka biyo shi a guje. Ya yi sallama. Ya ce oba. Ya saki.

Shuu na ɗan lokaci. Sai gyaran murya, sau biyu. Mai Tari ya maimaita lambar daidai, harafi bayan harafi, ya amsa sallamar.

"Barka da zuwa, Malam. Ashe kai ne mai numfashin. Muna jin ka tar, kamar kana ɗakin nan. Kada ka damu da lokaci. A nan wanda ya riƙe maɓalli shi ke da magana, ba mai iya katse shi ko yana so, ni ma da na fi kowa surutu sai na jira. Wace irin eriya ce gare ka? Oba."

Ya danna ya fara bayani. I'inar ba ta tafi ko'ina ba, tana nan a kan bututu, tana nan a kan bango. Ya faɗi wayar, ya faɗi tankin, ya faɗi ruwan da ya shiga. Da ya zo kan ƙarar nan ya ce keken maiɗakinsa ne, yana cewa oba aka ji Mai Zakara ya karɓa yana dariya, ya ce shi injin niƙan maƙwabcinsa ne ya kusa haukata shi. Ya tambayi kaurin bututun, domin gorar da ya ɗaura tasa eriyar a kai ta ruɓe. Daga bututu magana ta gangara kan ruwa, da ya ji aikin da Malam ya yi sai ya ce to Allah ne ya kawo shi, yana da injin ban ruwa da ya daina ja.

Gwaggo ta zare filfil ɗin ɗaya bayan ɗaya ta soke a rigar. Wayarta ta yi ƙara a kan teburin yanka, babbar 'yarsu ce. Bayan gaisuwa ta ce a ba ta Baba. Gwaggo ta ce ta kira anjima, yanzu yana magana da mutane. Yarinyar ta ce wane Baban. Gwaggo ta miƙa wayar ta ƙofar falo ta bar ta ta ji da kunnenta.

Bayan 'yan kwanaki wani babur ya tsaya a ƙofar shago da injin ban ruwa ɗaure a baya. Wani ƙaton mutum ya sauko, kafaɗunsa sun kusa cike ƙofar, ya yi sallama da siririyar muryar nan. Gwaggo ta kusa tambayarsa ina zakarun. Ta nuna masa hanyar tsakar gida, ta kai musu ruwa. Suka shimfiɗa buhu suka zauna a kan injin, Malam yana kwance ƙusoshi, baƙon yana ba da labarin yadda injin ya fara tari ya mutu. Malam ya ɗago zai tambayi wani abu, kalmar ta maƙale. Baƙon, don kirki, ya yi caraf ya ce, "Bututun? Bututun sabo ne."

Malam ya ajiye sufana. Ya ɗaga hannu a dunƙule, babban yatsa a danne, ya riƙe shi a gaban bakinsa har maganar ta fito.

"Ban ce oba ba."

Mai Zakara ya yi dariya har ya kwanta a jikin katanga, ya ce a yi masa afuwa. Ashe Malam bakin rijiyar yake tambaya, ko akwai raga a ƙasan tiyo. Babu. Da suka buɗe injin suka tarar yashi ya cika shi. Malam ya aika baƙon ya ɗebo ruwa a bokiti, suka zauna wanke kayan ciki ɗaya bayan ɗaya, Gwaggo kuma ta shiga kicin ta ƙara yawan abincin rana, don ta ga girman mutumin.